Jan Birona da Kaskon Ruwanki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifiyarta, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, ina sanar da ke cewa mu da kika bari muna nan ƙalau. Na sani sarai takarda ba ta isa inda kike. Abin da ke isa addu'a ce, ita kuwa ban yanke ba. Sai dai akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, na duba cikin masu rai ban ga wanda zan faɗa wa ita yadda nake so ba, sai ke. Waɗanda idonsu zai kai kan wannan rubutu su yi mini uzuri. Ba da su nake ba, amma ban hana su saurare ba.

Labarin gida kaɗan ne. Ruwan bana ya sauka da wuri, ƙanwata Ladidi ta sa an tayar da katangar nan da ta zube ta wajen rijiya, lemon tsamin da kika dasa kuma ya yi 'ya'ya har maƙwabta suna aiko yara. Zafin garin Lafiya yana nan yadda kika san shi. Ni kuma ina makarantar firamaren da kika bar ni, ina riƙe da aji huɗu, ba ni da abin cewa sai godiya.

Maganar da ta sa na ɗauki biro ita ce: shin wajibi ne malami ya gyara wa yaro kowane kuskuren da ya yi wajen rubuta kalma? Na san za ki yi mamakin cewa wannan ma abin tambaya ne. Ni ma haka nake a da, sai da wata yarinya ta kusa barin makaranta a kansa. Ba ta bari ba, Inna, na fara gaya miki wannan domin hankalinki ya kwanta. Amma ina so ki ji yadda aka yi, domin da hannunki a ciki.

Ina tuna makarantarki ta tsakar gida. Bayan la'asar 'yan matan unguwa su shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa, kowa da allonta da tawadarta. Ke kina kan buzu, ga ƙaramin kaskon ƙasa a damanki, bakinsa ya ɗan ɓare, cike da ruwa. Yarinya ta gama rubuta allonta ta kawo, ki bi shi da ido leɓɓanki suna motsi. Inda kika ga ɓaraka, ki tsoma yatsa a kaskon, ki shafe harafin nan shi kaɗai, ki miƙa mata allonta. Ba ki ɗaga murya. Ba ki kuma ƙyale ko ɗigo guda. Ban taɓa ganin kuskure ya kwana a allo a gidanmu ba.

Idan yarinya ta yi garajen kai alƙalami wurin da kika shafe, sai ki ce, “Bari ya bushe tukuna.” Dukanmu mun san dalili: tawada tana bajewa a kan jiƙaƙƙen itace. Sai yarinya ta zauna da allo a cinya tana hura masa iska, tana kallon gurbin. Ruwan kaskon kuwa ba a zubar da shi ko'ina, sai gindin lemon tsamin nan, saboda abin da ya taɓa.

Akwai kuma abin da ban lura da shi ba sai da na girma. 'Yan Alago da 'yan Gwandara da ke zuwa wurinki, sukan ce “Inna ya ce a kawo ruwa,” mu 'ya'yan gida mu yi ta ƙunshe dariya. Ke ba ki taɓa gyara musu magana ba. Ranar da na gyara wa ɗaya daga cikinsu a gabanki, kika dube ni kika ce, “Ta fahimtar da ke ko ba ta fahimtar ba? To ki kula da allonki.” Na koma kan allona da kunnuwa suna zafi.

Da wannan tarbiyya na shiga aikin koyarwa. Na ɗauki littafin yaro amana, na ɗauki kuskuren da na gani na wuce a matsayin abin da za a tambaye ni. Don haka ban wuce ko ɗaya. Jan birona yakan ƙare kafin na kowa. Mista Danladi, wanda ke riƙe da aji biyar, mutumin Eggon ne mai yawan barkwanci, yakan ɗaga littafin da na duba a ofishin malamai ya ce, “Wannan daga ajin Malama ya fito ko daga mahauta?” A yi dariya, ni ma in yi murmushi, amma a raina ina ganin yabo ne.

A wani hutu da ya gabata aka tura mu bita. Wata matashiya mai ladabi ta tsaya gabanmu ta ce a daina cika wa yara littafi da ja, a bar su su saki hannu su rubuta abin da ke ransu, daidaita kalmomi zai zo daga baya. Na saurare ta har ta gama, ban yi musu ba, domin ba ɗabi'ata ba ce musu a taro. Amma na fito ina cewa a raina, wanda ya ga rami a hanyar yaro ya yi shiru don kada yaron ya tsorata, ban san da wane suna za a kira shi ba.

Da aka koma makaranta aka kawo mini Doshima. 'Yar Tibi ce, iyayenta sun taso daga wani ƙauye ta wajen Keana suka kama haya a cikin gari, mahaifiyarta tana sayar da doya a kasuwa. Doguwa ce siririya, ta ɗan girmi 'yan ajin, ba ta da yawan magana. A darasin Hausa na ce kowa ya rubuta aikin da ya iya. Yawancinsu suka yi layuka kaɗan suka ajiye biro. Ita ta cika shafi ta juya baya, har aka buga ƙararrawa kanta yana sunkuye.

Na duba aikinta yadda na saba. Kusan babu kalmar da ta tsira. Na ja layi, na zagaye, na rubuta daidai a sama, har shafin ya koma abin da Mista Danladi yake faɗa. Na mayar mata ina jin na sauke nauyi. Abin da ya dame ni daga baya shi ne, da a lokacin wani ya tambaye ni me yarinyar nan ta rubuta a kai, da ban iya ba shi amsa ba. Na ga kowane harafi, ban ji maganar ba.

Aiki na gaba ta yi rabin shafi. Na bayansa ya ƙara raguwa. Kafin wata ya ƙare ta koma rubuta gajerun jimloli da kalmomin da ta tabbatar da su kawai: sunana kaza, ina zuwa makaranta, ina son malamata. Babu kuskure ko ɗaya. Na ba ta cikakken maki, domin ta cancanta bisa ƙa'idar da ni na kafa, amma hannuna ya yi nauyi da nake rubuta shi. Shafin yana da tsabta, Inna, kuma babu kowa a cikinsa.

Na koma na buɗe aikinta na farko, na ajiye biro nesa da hannuna, na karanta. Ashe labarin kakarta ne da gonar doya: yadda ake tara tudu, yadda ake yanka iri a shafa masa toka, yadda ake ɗora busasshiyar ciyawa a kan kowane tudu kamar hula, yadda kakar take yi wa gonar magana idan ta shiga da safe. Ban taɓa noman doya ba, amma da na gama sai na ji kamar na tsaya a gonar.

Sai na yanke shawara ni kaɗai. Na kira ta na ce ta rubuta duk abin da take so, ba zan sa ja a littafinta ba. Ta dube ni kamar mai jiran sharaɗi. Da ta ga babu, a hankali ta dawo. Ta rubuta yadda suka haye rafi da kaya ranar ƙaura, ta rubuta akuyarsu da aka bari a ƙauye. Ina karantawa, in gaya mata da baki abin da na ji daɗinsa, in mayar mata da littafin fari fat yadda ta kawo shi. Kurakuran suna nan, ina ganinsu, suna kallona. Sau da yawa bayan na idar da sallah nakan tambayi kaina ko tausayi nake yi, ko kuwa ɓoye ilimi nake yi na sa masa sunan tausayi. Abin da ban yi ba kuma, wanda ya kamata in yi, shi ne sanar da iyayenta.

Ran nan ana hutun tara, yara suna waje, sai ga wata mata ta tsaya a ƙofar aji, ta ɗaura zane a kan riga, ƙurar doya a hannuwanta. Ta gaishe ni da ladabi ta ce ita ce Maman Doshima. Littafi biyu ne a hannunta: na 'yarta, da na Hajara, wata 'yar ajina da suke gidan haya ɗaya. Ta buɗe su a kan teburina gefe da gefe. Abin da ta faɗa yana nan a kunnena da irin Hausarta:

“Malama, ni ban yi makaranta ba, amma na san ja. Na Hajara, ja ko'ina. Na yarinya na, ko ɗaya. Shi ba mutum ba ne? Ko don mu ba mu yin sallah?”

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Kin san babu abin da nake tsoro a aikin nan kamar a ce na bambanta tsakanin yara. Na binciki zuciyata a tsaye a wurin, na sake bincikarta daga baya a natse, ban sami abin da ta zarge ni da shi ba, Allah ne shaida. Amma na sami wani abu dabam. Ban taɓa tunanin cewa a cikin littafin nan gaba ɗaya, jan biro ne kaɗai rubutun da matar nan take iya karantawa ba. Da shi take sanin an kula da 'yarta. Ni kuwa na ɗauke shi ban gaya mata ba.

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na nuna mata shafin farko da ya sha ja, na nuna mata yadda rubutun ya yi ta ƙanƙancewa bayansa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta girgiza kai ta ce, “Idan ciyawa ya fito a gona, ba ka cewa bari doya ya ji daɗi. Cirewa kake yi.” Ta ce idan zangon nan ya ƙare za ta cire yarinyar ta zauna da ita a rumfa, a can aƙalla tana ganin abin da take yi da idonta. Na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarshen zangon. Ta ce ai dama sai ƙarshen. Ta kwashe littafin Hajara ta tafi.

Na zauna na daɗe. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, maganarta maganarki ce. Ba ku taɓa haɗuwa ba, ba addininku ɗaya ba, ba harshenku ɗaya ba, amma da kina nan da bayanta za ki bi. Sai na ga an sa ni tsakiya: idan na mayar da jan biro, yarinyar za ta zauna a aji amma ta daina rubutu. Idan ban mayar ba, za ta ci gaba da rubutu har ranar da za a zo a tafi da ita.

Ranar Juma'ar makon da abin ya faru na je gida gaishe da su Ladidi. Ina shiga tsakar gida na ga kaskonki a gindin rijiya, ta mai da shi na ruwan 'yan tsaki. Ban yi mata faɗa sosai ba. Na ɗauke shi na wanke, na zauna a bakin rumfa da shi a hannu, sai zaman makarantarki ya dawo mini kamar jiya. Na yi shekaru ina cewa ina bin hanyarki domin ba na ƙyale kuskure. A ranar na ga rabin hanyar kawai na ɗauka.

Ke ba ki taɓa rubutu a allon yarinya ba. Kina shafewa, ita take mayarwa da hannunta. Ba ki gaya mata harafin, sai ta nemo shi a cikin Littafi, ko ta tambayi ta kusa da ita. Kuma kina sa ta jira. Na ɗauka jiran nan na itace ne kawai, ashe a cikinsa ne kunya take sauka, yarinya ta daina kallon fuskarki ta koma kallon gurbin. Bayan an gama, allon nata ne tun daga sama har ƙasa, babu wata alama da za ta je gida da ita tana ɓoyewa. Ban sani ba ko kin tsara haka ne, ko kuwa ruwa da itace ne suka tsara miki. Ba ki taɓa yi mana bayani ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Na tafi da kaskon gidana. Ranar Litinin na canja tsari, ba ga Doshima kaɗai ba, ga ajin duka, domin na koyi cewa abin da aka yi wa yaro ɗaya a ɓoye yana da fassara da yawa. Na ce duk rubutun da mutum zai yi daga kansa, da fensir za a yi shi. Ranar farko ina karantawa hannuna babu komai, in yi wa mai rubutu magana a kan abin da ya ce. Sai washegari, bayan ya bushe, in ɗiga ɗan ɗigo da fensir ƙarƙashin waɗansu kalmomi, ba duka ba, waɗanda na ga zai fi yawan buƙata. Yaro ya nemo daidai a littafin karatu ko a babban allo ko wurin abokin zamansa, ya goge, ya mayar da hannunsa. Idan ya kawo na ga ya yi, sannan jan biro ya fito, in sa hannu a ƙasan shafi da girma yadda za a gani daga nesa.

Kada ki ɗauka abin ya tafi sumul. Yana cin lokaci, ya cinye mini tara gaba ɗaya, sai da na koma cin abincina a tsaye. Waɗansu yara suna gogewa har takarda ta huje. Robar gogewa tana ɓata kamar ana haɗiye ta. Wani uba ya aiko a tambaye ni ko jan biro ya yi tsada ne. Mista Danladi kuma ya samu sabon abin faɗa, wai mahauta ta rufe, mai ita ta tuba ta koma sayar da nono. Na ce masa shekara mai zuwa yaran nan hannunsa za su zo, sai ya gaya mini gaskiya a lokacin. Ya ce zai faɗa ko ban tambaya ba, kuma na san zai faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne kurakuran da nake bari su kwana. A gidanki wannan bai taɓa faruwa ba. Nakan gaya wa kaina cewa abin da ke kan allonki maganar Allah ce, ba a jinkirta gyaranta, abin da ke cikin littafin Doshima kuwa maganarta ce da ta kakarta, tana iya jiran gobe. Ina ganin wannan bambanci gaskiya ne. Amma na san zuciya ta iya ƙirƙiro hujja ga abin da ta riga ta so, shi ya sa ban saki jiki da shi gaba ɗaya ba. Na kuma san masu duba jarrabawa ba su san jira ba. Saboda haka ɗigon yana ƙaruwa a hankali, gwargwadon abin da na ga kowane yaro zai iya ɗauka bai ajiye fensir ba.

Da zangon ya zo ƙarshe ban jira Maman Doshima ta zo ba. Bayan an tashi na ce wa yarinyar ta ɗauko littafinta ta raka ni kasuwa. Kin san ni da kasuwa, ba na shiga sai dole. Muka ratsa layin masu manja da na masu barkono har muka isa inda aka jera doya tsibi tsibi. Ta gan mu ta miƙe, ta goge mini benci da gefen zanenta.

Na miƙa mata littafin. Ta buɗe, ta ga jan sa hannuna a ƙasan kowane shafi, ta ce ai wannan ja kaɗan ne. Sai na kama yatsanta, ban san inda na samu ƙarfin halin ba, na ɗora shi a kan wata kalma da aka goge aka mayar. Takarda idan ta sha gogewa takan yi kaushi. Na ce mata duk inda ta ji haka, kuskure ne aka nuna wa 'yarta, ita kuma ta gyara da kanta. Sai ta fara bin shafin da babban yatsa a hankali, yadda take latsa doya ta ji ko ta fara lalacewa. Ta juya shafi, ta sake bi. Ta juya wani. Masu saye suna tsayawa ba ta ko ɗaga kai ba.

Na ce wa Doshima ta karanta mata labarin gonar kakarta, wanda ta sake rubutawa da fensir. Ta fara da murya ƙasa ƙasa, maƙwabciyar rumfa ta matso tana saurare. Da aka zo wurin da kakar take yi wa gona magana, uwar ta rufe baki da hannu tana dariya, idonta ya kawo ruwa. Da aka zo wurin hular ciyawa, inda yarinyar ta rubuta cewa bayan ruwa ya sauka ake ɗorawa, sai ta tsayar da ita.

“Kai, ba bayan ruwa ba. Kafin ruwa. Rana ne yake kashe iri. Wa ya koya maka wannan?”

Doshima ta laluba aljihun rigarta ta fito da guntuwar roba da fensir, ta ɗora littafin a kan gwiwa, ta goge, ta hure, ta mayar. Uwar ta karɓa, ta nemi wurin da yatsa har ta same shi, ta shafa, ta dube ni ta ce, “Wannan nawa ne, ni na gyara.” Sannan ta rufe littafin ta miƙa wa 'yarta, ta ce, “Ya zauna a makaranta.”

Ta zaɓo doya manya za ta ba ni, na ƙi, kamar yadda kika koya mana game da abin hannun iyayen ɗalibai. Ba ta yi gardama ba. Da na isa gida na tarar mai okada ya riga ni, ya ajiye ta a ƙofa ya tafi. Na yi ta tunanin hukuncinta har magariba ta gabato. Daga ƙarshe na raba wa maƙwabta, na bar guda ɗaya, domin na ga mayar da ita zai zama wani jan layi ne a kan abin da ba kuskure ba. Na dafa, Inna, kuma ta yi daɗi.

An dawo hutu, Doshima tana nan a layi na biyu kusa da taga, ita da Hajara a benci ɗaya, suna faɗa a kan roba. Har yanzu tana kuskure, amma ba irin na da ba, kuma shafinta a cike yake. Idan yau aka sake yi mini tambayar da na fara da ita, zan ce a gyara, domin ban ga yadda za a so yaro a bar shi da abin da zai ba shi kunya gaba ba. Amma a ji maganarsa kafin a duba haruffansa, a bar hannunsa ya yi gyaran, a kuma sanar da uwarsa inda za ta sa yatsa. Iyakar abin da na kai ke nan. Mai yiwuwa wata shekara wani yaro ya zo ya nuna mini wani rabin da ban gani ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na kasa gaya wa kowa wannan sai ke.

Ni ce 'yarki ta fari, don haka ba ki taɓa kiran sunana ba, sai “ke” ko “'yar nan.” Ba ki kuma taɓa yaba mini ba, kunya ba ta bari. Ranar da allona ya fita babu kuskure, sai ki miƙo mini shi yatsanki a bushe, ki juya ga ta gaba. Nakan tsaya kaɗan ina duban fuskarki ko wani abu zai fito, sannan in koma tabarma. Na girma na fahimci cewa busasshen yatsan nan shi ne yabon, kuma ya ishe ni, ban taɓa riƙe ki da komai ba.

Makon jiya Doshima ta kawo mini shafi guda, na bi shi daga sama har ƙasa ban sami inda zan ɗiga fensir ba. Na sa hannu, na miƙa mata, na juya ga na gaba. Sai na ji ba ta tafi ba. Na ɗaga kai na ga tana tsaye tana duban fuskata, na kuwa gane tsayuwar nan, domin tawa ce. Sai na kira sunanta, na ce mata ya yi kyau. Na faɗa a fili, yadda ajin duka suka ji. Ki yafe mini idan na saɓa wa tsarinki a nan. Ina jin da ba ni ce ta fari ba, da ke ma kin faɗa.

Kaskonki yana kan tagar ɗakina. Ba na zuba masa komai. Wani lokaci idan zan fita da safe nakan taɓa bakinsa, wurin da ya ɓare.

Ya Allah Ka gafarta wa Inna, Ka yi mata rahama, Ka yalwata makwancinta Ka haskaka shi. Duk harafin da wata ta karanta daidai saboda yatsanta, Ka sa ladansa ya riske ta. Ka shafe kurakuranta shafewar da ba ta barin alama, mu ma Ka shafe namu idan tamu ta zo. Ka shirya yaran da aka ba mu amana, na masallaci da na coci, Ka ba iyayensu abin da za su riƙe su da shi. Ka haɗa mu da ita a gidan da babu rabuwa. Amin.

Ki huta lafiya, Innata.

Ni ce 'yar nan taki,
Asma'u,
daga garin Lafiya.